Neman labarin kakan da ya tafi Kurmi

A ƙasar Adar da Gobir da Katsinar Maradi, da wuya ka samu gidan da ba ya da mutumen da ya tafi bida bai komo ba. In ka tambaya, sai a ce maka: "Ai ya tafi Kurmi." Kurmin nan ita ce ƙasar da ake kira Gwalkwas a da, wadda ta zama Gana a shekarar 1957.

Me ya kai su can? Da fari fataucin goro ne. Ayari yakan tashi da jakuna, a kai kanwa da tufafi kasuwar Salaga, cikin ƙasar Gwanja, a komo da goro. Zamanin Nasara kuma, yunwa da haraji da aikin tilas suka kori samari daga gida. Ba a hana aikin tilas ba sai 1946. Wasu suka yi dako a kasuwar Kumasi, wasu aikin gonar koko, wasu haƙar zinariya. Unguwar da baƙi ke sauka ana ce mata zango. Nan da yawa suka yi aure, suka haifu, suka rasu.

To, in kakanka na cikinsu, ƙaƙa za ka samu labarinsa?

Ka fara daga gida. Zauna da tsofaffi, musamman mata, don su suka fi riƙe dangantaka. Ka riƙe littafinka da alƙalami. Rubuta sunansa na yanka, da sunan ubansa, da laƙabinsa, da sana'arsa, da irin zanen fuskarsa. Kada ka raina laƙabi. A zango sau da yawa da shi ake sanin mutum, ko da sunan ƙasarsu, a ce Ba'adare ko Bagobiri.

Sannan ka nemi shekarar da ya tashi. Tsofaffi ba su ƙidaya shekara da lamba, da abin da ya faru suke ƙidayawa. In an ce bayan yunwar Kakalaba, wajejen 1914 ke nan. In an ce lokacin yaƙin Hitila, tsakanin 1939 da 1945 ne. In an ce shekarar samun mulkin kai, 1960 ce.

A ƙarshen 1969 gwamnatin Busiya ta kori baƙin da ba su da takardun zama Gana. Ƴan Nijar da yawa suka komo gida. In akwai sauransu a garinku, je ka gaishe su. Wataƙila wani ya zauna zango guda da kakanka.

In ka san garin da ya sauka, ka aika da takarda ga sarkin zango ko limamin unguwar, ta hannun ɗan bida mai zuwa can. Hausa suke ji. Yanzu ga waya kuma, magana ta yi sauƙi. Amma kada ka tsaya ga bakin mutum guda. Abin da biyu ko uku suka faɗa daidai, shi za ka riƙe.

Wani zai ce: mene ne amfanin wannan wahala? Amfaninta babba ne. In kakan nan ya bar ɗiya can, ƴan'uwanka ne na jini, kuma suna iya zama da haƙƙi cikin gonar gado. Gara a san su tun yanzu, kada wata rana a raba gona, su zo daga baya, rigima ta tashi har gaban sarki. Su ma can suna neman sunan garin kakansu, ba su da mai gaya musu.

Tsohuwar da ta san labarin nan ba za ta daɗe da mu ba. Tun da Allah ya sa ka iya rubutu, ka je wurinta yau da dare bayan tuwo. Abin da ta gaya maka, ka rubuta, ka ajiye wa ɗiyanka.