Daga Abuja Zuwa Naraguta: Ina Mai Lalura Zai Ajiye Motarsa?

Duk ma'aikacin da ya taɓa kama hanyar Jos daga Abuja ya san yadda tafiyar take. Za a bar Nyanya da sassafe, a ratsa Keffi da Akwanga a Jihar Nasarawa, a gutsiri gefen Jihar Kaduna ta Gwantu, sannan a hau Hawan Kibo a faɗa Filato. Kafin a isa Naraguta, inda mazaunin dindindin na Jami'ar Jos yake a kan hanyar Bauchi, mota ta bi ta Babban Birnin Tarayya da jihohi uku.

Ga mai ƙafafu lafiyayyu, ƙarshen tafiya shi ne isowa. A samu ko'ina a cusa mota, a miƙe, a karkaɗe riga. Ga mai keken guragu kuwa, ko mai dogara sanda, ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye, a nan ne wata tafiyar take farawa.

Mu ƙaddara wani mataimakin darakta ne a wata ma'aikatar tarayya, wanda cutar shan inna ta taɓa tun yana yaro. Ya zo bikin yaye 'yarsa, ko kuma ya zo wakiltar babban sakatare a wani taro. A ofishinsa na Abuja kowa ya san shi, masu gadi na ganin motarsa suke ɗage sanda su nuna masa gurbinsa. A Jos babu wanda ya san shi. Abin da ya rage masa shi ne takarda ko tambarin da zai yi magana a madadinsa. Shin wannan shaida tana da daraja idan ta ƙetare iyakar jiha?

Abin da doka ta tanada

A ranar 23 ga Janairu, 2019, Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan Dokar Hana Nuna Wariya ga Masu Buƙata ta Musamman ta 2018, bayan shekaru da dama ana kai ruwa rana a Majalisar Tarayya. Nijeriya ta riga ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2010, wannan doka ce ta ba alkawarin haƙora a cikin gida.

Sashe na 12 ya yi magana kai-tsaye kan wurin ajiye motoci. Ya ce a duk filin ajiye motoci na jama'a, wajibi ne a keɓe gurabe masu dacewa, a yi musu alama sosai, domin masu lalura. Ya ce kafin mutum ya cancanci gurbin, sai motarsa tana ɗauke da tambarin shaida. Wanda ke kula da filin, in ya ƙi keɓewa, za a ci shi tarar Naira 1,000 a kan kowace rana. Lafiyayyen da ya ajiye mota a gurbin, ko ya tare shi da gangan, tararsa Naira 5,000. Amma idan akwai mai lalura a cikin motar a matsayin fasinja, babu laifi a kan direba.

Wannan togaciya ta ƙarshe tana da muhimmanci ga direbobin gwamnati da mataimaka na musamman. Haƙƙin na mutumin da ke cikin mota ne. Idan maigida yana ciki, direba na da hurumin shiga gurbin. Idan an aike shi shi kaɗai, ba shi da wannan hurumi, ko da tambarin yana manne a gilashi.

Dokar ta kuma ba da wa'adin shekara biyar domin a gyara gine-ginen jama'a yadda kowa zai iya shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Ta kafa Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa, wadda aka naɗa shugabanninta na farko a 2020, ta kuma ɗora mata alhakin ba da takardar shaidar naƙasa da tambarin tantancewa.

Inda gizo ke saƙar

Sai dai dokar ba ta fayyace kamannin tambarin ba. Ba ta faɗi launinsa ko girmansa ba, ko inda za a manna shi. Ba ta kuma ce uffan kan matsayin shaidar da wata jiha ta bayar idan mai ita ya shiga wata jihar ba. Jihohi irin su Legas da Filato suna da dokokinsu da hukumominsu tun kafin ta tarayya, kuma kowace tana da nata tsarin rajista.

A kan wannan aka ɗora tsohuwar muhawarar tsarin tarayya. Wasu lauyoyi na ganin dokar tana aiki a ko'ina a ƙasar, tunda tushenta haƙƙin ɗan'adam ne. Wasu na ganin sai majalisar kowace jiha ta yi irin tata, kamar yadda aka yi ta fama da Dokar Haƙƙin Yara ta 2003. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba Gwamnatin Tarayya iko kan zirga-zirga a manyan hanyoyinta, ya kuma sanya kasuwanni da tashoshin mota cikin ayyukan ƙananan hukumomi.

Naraguta ta ishe mu misali. Jami'ar Jos mallakar Gwamnatin Tarayya ce, don haka a cikin harabarta babu gardama cewa dokar 2018 tana aiki. Da zarar an fito ƙofa an hau hanyar Bauchi, an shiga babbar hanyar tarayya, inda jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ke da ta-cewa. Idan aka gangara kasuwar Farin Gada, ko aka nufi Taminus domin sayayya, an shiga hurumin jiha da Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa. Otal ɗin da baƙo zai kwana kuwa na ɗan kasuwa ne, kuma taswirar gininsa a hannun hukumar raya birnin Jos ta bi. Cikin tafiyar da ba ta wuce 'yan kilomitoci ba, mutum ɗaya da mota ɗaya sun ratsa ikon hukumomi huɗu. A kowane mataki, hukuncin ƙarshe yana hannun wanda ke tsaye a bakin ƙofa, kuma sau da yawa babu wanda ya taɓa nuna masa yadda tambarin yake.

Ba alfarma ba ce

Mutane da yawa na ɗaukar gurbin masu lalura a matsayin gata, irin wanda ake yi wa manya. Lissafin ba haka yake ba. Gurbin mota na yau da kullum faɗinsa bai wuce mita biyu da rabi ba. Mai keken guragu yana buƙatar ya buɗe ƙofa har ƙarshe, a sauko da keke, a jera shi daidai da kujera, sannan ya ja jikinsa ya koma kai. Shi ya sa a ƙasashen da suka tsara abin, ake ƙara fili kusan mita ɗaya da ɗigo biyu a gefe, gurbin ya kai mita uku da ɗigo shida. Idan wata mota ta matse shi, ko dai ya kasa fita, ko kuma ya dawo ya kasa shiga.

Sai kuma nisa da yanayin ƙasa. Jos gari ne na duwatsu, hawa da gangara sun yi yawa. Da damina ruwa na yanka kwari a duk filin da ba a shimfiɗa wa kwalta ba, tayar keke ta nutse a laka. Da hunturu sanyin Filato ba ya ragawa, musamman ga mai ciwon gaɓoɓi. Taku ɗari biyu da lafiyayye zai yi yana amsa waya, ga wani aikin rabin sa'a ne, wani lokaci ma sai an ɗauke shi cak a gaban jama'a. Babban jami'in da ya shekara 25 yana bauta wa ƙasa, a ce samari huɗu ne za su tallabo shi zuwa zauren da aka gayyace shi ya yi jawabi, wannan ba ƙaramin zubar da mutunci ba ne. Da yawa kan zaɓi su ƙi zuwa, su tura wakili. A haka ake rasa taro, a rasa kwas, daga baya a rasa ƙarin girma, ba tare da kowa ya rubuta dalilin a fayil ba.

Wannan ba matsalar tsiraru ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, na rayuwa da wata babbar lalura. An ayyana Nijeriya ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna a watan Agustan 2020, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan a ofisoshinmu da gidajenmu. Ga waɗanda haɗarin mota ya naƙasa, ga sojoji da 'yan sandan da suka dawo daga fagen daga, ga dattawan da hawan jini ya kayar. Babu wanda ya ƙulla yarjejeniya da lafiya.

Filato ta riga kowa tashi

Idan akwai jihar da ya kamata wannan gyara ya fara daga gare ta, Filato ce. Ta yi dokar kare haƙƙin naƙasassu tun 2005, fiye da shekara goma kafin ta tarayya, ta kuma kafa hukumar aiwatar da ita a 2013, zamanin Gwamna Jonah Jang. Jami'ar Jos ta daɗe da yin suna wajen horar da malaman ilimi na musamman, waɗanda suka bazu a makarantun makafi da kurame a faɗin ƙasar nan.

Mutum biyu da suka riƙe kujerar Babban Sakataren hukumar ta ƙasa duk 'yan Filato ne. James David Lalu, wanda aka naɗa a 2020, ya taɓa shugabantar hukumar jihar. Ayuba Burki Gufwan, wanda Shugaba Bola Tinubu ya naɗa a 2024, lauya ne da shan inna ta taɓa, kuma shi ya kafa cibiyar Beautiful Gate a Jos, wadda ta shafe shekaru tana ƙera kekunan guragu tana rabawa kyauta. Ke nan tsakanin Abuja da Jos akwai sanayya da gogewar da za su isa a ƙulla yarjejeniyar mutunta shaidar juna, sauran jihohi su yi koyi.

Yadda wasu suka yi

A Amurka kowace jiha ke ba da nata katin, amma galibi suna mutunta na juna. A Birtaniya shuɗin kati ɗaya ne ke aiki. Tarayyar Turai ta fito da samfurin katin bai-ɗaya tun 1998, sannan a 2024 ta mayar da shi doka mai ƙarfi. Ko a can ma akwai togaciya: birnin New York yana da nasa izini na daban domin ajiye mota a gefen titi, wasu unguwannin tsakiyar Landan ma suna da nasu ƙa'idoji. Darasin shi ne, tambari ɗaya da kowa ya sani shi ne tushe, sannan matafiyi ya binciki ƙa'idar garin da zai je. Alamar mutum a kan keke, fara a kan shuɗi, an zana ta tun 1968, kuma ko wanda bai yi boko ba yana gane ta.

Kafin a tayar da mota

Kafin hukumomi su daidaita, akwai abin da mai tafiya da mataimakinsa za su iya yi. A riƙe takardar shaidar naƙasa, ta tarayya ko ta jiha, tare da katin aiki, a kuma ajiye hotonsu a waya. Wanda lalurarsa ta wucin gadi ce, kamar karaya ko tiyata, ya karɓi takardar likita. A kira masu shirya taro kwana biyu ko uku kafin tafiya, a nemi su keɓe gurbi kusa da ƙofar da ba ta da matakala, su kuma ba masu gadi lambar mota a rubuce. A tambayi otal ko akwai ɗaki a ƙasa. A ranakun cunkoso, kamar bikin yaye ɗalibai, a yi sammako, domin da rana ta ɗaga ko mai gadi mai kirki ba shi da inda zai nuna. Idan aka samu saɓani a ƙofa, a nemi shugaban masu tsaro cikin lalama, daga baya a rubuta ƙorafi ga hukumar jiha ko ta ƙasa. Ƙorafin da aka rubuta ne kawai ke shiga lissafi.

Sauran nauyin yana kan masu karanta wannan shafi. Jami'an tsare-tsaren baƙi ne ke zana inda ayarin minista zai tsaya, kuma sau da yawa a bakin gangaren keken guragu yake tsayawa. Daraktocin gine-gine ne ke sa hannu kan kwangilar shafa fenti. Masu taimaka wa 'yan majalisa ne ke rubuta daftarin gyaran doka, kuma sun san tarar Naira 1,000 a rana, wato Naira 365,000 a shekara, ba za ta tayar wa mai babban kanti hankali ba. Keɓe gurbi biyu ko uku a bakin ma'aikata ba ya buƙatar ƙarin kasafi. Gwangwanin shuɗin fenti ne, da allo, da takardar umarni ga masu gadi.

Wanda ya yi haka a ofishinsa na Abuja ya share wa baƙon da zai zo daga Jos hanya. Wata rana kuma shi ne zai hau Hawan Kibo da sanda a gefen kujera, yana fatan wani a Naraguta ya yi masa irin wannan tanadi.