Wane Tafinta Za Ka Ɗauka A Kwamfuta?

'Yan'uwa masu neman aikin kwamfuta a Ikko da sauran garuruwan Kudu, ga magana. A injunan Unix da Linux akwai abin da ake kira shell, wato tafinta tsakaninka da injin: kai ka buga umurni, shi ya isar.

Tafintocin suna da yawa. Stephen Bourne ya fito da sh a 1979, Brian Fox ya kawo bash a 1989. Akwai zsh, wanda kamfanin Apple ya ɗora a gaba a Mac a 2019. Sai fish na 2005, mai nuna maka ƙarashen umurni tun ba ka gama bugawa ba. Lalle yana da daɗin aiki.

To amma fa fish yarensa daban ne. Jerin umurnin da ka shirya da shi, in aka kai injin ofis inda babu shi, ba zai tashi ba, ga maigida tsaye a kanka.

Don haka fara ƙwarewa a bash, da wuya ka shiga injin Linux ka rasa shi. A naka injin na gida kuwa, buga chsh ka sauya zuwa wanda ranka ke so.