Ƙaramin Jirgin Ƙasa Mai Koyar da Tsaron Rayuka

A birnin York na ƙasar Ingila akwai gidan ajiye kayan tarihi na reluwe. A cikinsa akwai wani dogon tebur wanda aka shimfiɗa wa siririn dogo, da sigina, da 'yan jiragen ƙasa waɗanda mutum zai iya ɗauka a hannu. Baƙon da ya gan shi sai ya zaci kayan wasan yara ne, alhali kuwa makaranta ce. Kamfanin reluwe na Lancashire da Yorkshire ne ya sa aka ƙera shi cikin 1912, aka girka shi a Manchester, aka yi ta koyar da ma'aikatan sigina a kansa har 1995. Kuskuren da zai hallaka fasinja a kan babban dogo, a kan wannan tebur iyakarsa ɗalibi ya ji kunya.

Dalilin wannan koyarwa ya samo asali daga wani mummunan haɗari. A da, in jirgi ya tashi daga tasha, sai a jira 'yan mintoci a sake na biyu, ba tare da an tabbata na farko ya isa ba. Ran 12 ga Yuni 1889, kusa da Armagh a ƙasar Ailan, wani jirgi cike da yara ya kasa hawan tudu. Aka raba taragunsa biyu, na baya suka gangaro, suka yi karo da jirgin da ke biye. Mutum 80 suka rasu. A cikin shekarar nan majalisar Ingila ta yi doka, ta tilasta a raba dogo yanki-yanki, kada jirgin fasinja ya shiga yankin da wani ya ke ciki.

Saboda haka masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa, waɗanda su ke so nasu ya yi aiki kamar na gaske, su kan kiyaye abu uku: awo, da tsari, da tsabta.

Na farko shi ne awo. A awon da ya fi yaɗuwa, wanda a ke kira HO, kowane abu an rage shi sau 87. Faɗin dogon da ya haɗa Abuja da Kaduna cikin 2016 ƙafa 4 ne da inci 8 da rabi, watau milimita 1,435. In an raba wannan sau 87 sai a sami milimita 16 da rabi, wanda shi ne faɗin ƙaramin dogo. Tsohon dogon da ya iso Kano cikin 1911 ya fi wannan matsi, ƙafa 3 ne da inci 6, don haka mai kwaikwayonsa sai ya nemi dogon da ya fi siranta. Har gudu ma yana da awonsa. Jirgin da ke gudun mil 60 a awa yana cin ƙafa 88 a daƙiƙa guda, ƙaraminsa kuwa bai kamata ya wuce misalin ƙafa 1 a daƙiƙa ba. Sabon shiga ya kan saki jirginsa ya yi ta zagaye kamar ɓera, amma gwani ya kan tashe shi sannu, ya rage gudu tun kafin tasha, domin babban jirgi mai nauyi ba ya tsayawa nan take ko an ja birki.

Na biyu shi ne tsari. Kowane jirgi sai a ba shi lokacin tashi da wurin zuwa, da taragun da zai ajiye a kowace tasha. A tsarin Ingila ma'aikatan sigina biyu su kan yi magana da ƙararrawa ta waya. Bugu 4 tambaya ce, ko hanya a buɗe ta ke ga jirgin fasinja mai sauri. In na gaba ya yarda sai ya maimaita bugun. Bugu 2 na nufin jirgi ya shiga yanki. Bugu 2, sa'an nan 1, na nufin ya fita lafiya. Har wa yau a kan haɗa ƙarafan juya hanya da na sigina ta yadda ba shi yiwuwa a nuna wa direba ya wuce alhali ba a daidaita masa hanya ba. A babban wurin nunin nan na Miniatur Wunderland da aka buɗe a Hambug ta Jamus cikin 2001, inda tsawon dogo ya haura kilomita 15, kwamfuta ce ke wannan aiki, amma ka'idar ba ta sāke ba.

Na uku shi ne tsabta, ita ce kuwa a ke yawan rainawa. Ƙaramin jirgi ba ya ɗaukar gawayi ko mai. Lantarki ne mai rauni, misalin bolt 12, ke bi ta dogo ya shiga ƙafafun jirgi ya kai ga inji. Wurin da ƙafa ke taɓa dogo kuwa bai fi kan allura ba. In ƙura ko dauɗa ta shiga tsakani, sai jirgi ya yi ta tuntuɓe ko ya tsaya cik. Maganinsa a goge dogo da ƙafafu da tsumma mai laushi da ɗan sifirit. Ba a kankare su da takarda mai kaushi, don tabon da za ta bari shi zai riƙe dauɗar gobe. Mai kuma ɗigo guda ya isa, a kan tsinin allura, domin in ya yi yawa ƙura ya ke tarawa.

Kowace ƙasa da irin wahalarta. A Kano da Maraɗi ƙurar hunturu ce abokiyar gaba, sai a riƙa rufe tebur da mayafi. A Jidda kuwa, musamman unguwannin da ke kusa da Bahar Maliya irin su Ruwais, danshin teku da gishirinsa ne ke dusashe ƙarfe, su kumbura katakon da aka shimfiɗa dogo a kai. Zafi kuma ya kan sa ƙarfe ya ƙara tsawo, saboda haka a kan bar ɗan fili a mahaɗin dogo don kada ya tanƙware.

Wannan tsabta tana da takwararta a babban dogo. Tun 1872 wani Ba'amurke, William Robinson, ya ƙago dabarar sa lantarki cikin dogo, ta yadda in ƙafafun jirgi suka haɗa ƙarafan biyu sai sigina ta koma ja da kanta. In tsatsa ko yashi ya raba ƙafa da dogo, yana yiwuwa jirgi ya ɓace wa ma'aikacin sigina, ya ga yanki a buɗe alhali akwai jirgi a ciki.

Alhazan da ke shiga jirgin Haramaini, wanda aka buɗe cikin 2018 tsakanin Makka da Madina ta kan Jidda, suna tafiyar da ta kan kai kilomita 300 a awa. A irin wannan gudu ido ba ya kama siginar bakin hanya, sai a aika wa direba da umurni a allon da ke gabansa. Duk da haka dokar da ke tsare da su ita ce wadda ɗalibai suka koya a kan teburin nan na Manchester: ba a sakin jirgi ya shiga yanki sai an tabbata na gabansa ya fita.