Gyaran tsohon kwale-kwale kafin damina

Idan damina ta kankama, gulbin Gagare da ya bi ta Ƙauran Namoda da Shinkafi yakan cika ya batse, sai kwale-kwale ya zama gadar manoma da 'yan kasuwa. Amma jirgi daga ciki yake ruɓewa. Wuri biyu ake fara dubawa: katakon baya, da haƙarƙarin da ke riƙe gindin jirgin. Kafinta yakan caka ƙusa. In ta nutse kamar a kabewa, katakon ya mutu. Sai a ɓamɓare shi, a bar jirgin ya bushe sarai, a kafa sabo, a cusa auduga a tsaga, a shafe da kwalta. Da rani ake wannan aiki, tun rayuka ba su hau ba.