Cranach, mai zanen da ya ci kasuwa biyu

Shekaru 500 da suka wuce, a garin Wittenberg na Jamus, an yi wani mai zane, Lucas Cranach, wanda muke jin ƴan kasuwa za su gane halinsa nan take. Ban da zane, yana da kantin magani, yana kuma buga littattafai.

Da Martin Luther ya ja daga da Paparoma, yawancin jama'a ba su iya karatu ba, sai hoto ya zama makami. A 1521 Cranach ya fitar da ɗan littafi mai zane 26, bibbiyu: nan Yesu na wanke ƙafafun almajiransa, can kuwa sarakuna na sumbatar ƙafar Paparoma. Katako ɗaya ake sassaƙawa, a shafa tawada, a yi ta bugawa, talaka ma ya saya.

Masu mulkin Saksoni, da suka tsaya wa Luther, su ma sun ga amfanin abin. A 1533 aka biya Cranach kuɗin hotunan sarakunansu biyu da suka rasu, kowane sau 60, don a raba kyauta.

Abin da ya ba mu dariya: Kadinal Albrecht na Mainz, wanda Luther ke caccaka, shi ma Cranach ke zana masa hoto, yana karɓar kuɗinsa.