Tsami da Kanwa a Ƙasar Tukunya: Nasiha ga Masu Lambun Gida a Alsahafa

Wanda ya saba shiga gidajen Alsahafa, unguwar nan ta kudancin Khartum da ke maƙwabtaka da babbar kasuwar kayan gwari ta Suk al-Markazi, ba zai rasa ganin tukwane da bokitai da gwangwanaye jere a gindin katanga, ko ƙarƙashin rumfa, ko a bakin taga ba, an shuka na'ana'a da jirjir da lalo da barkono da tumatir, wani lokaci har da ɗan dashen lemun tsami. Kuma fa'idar irin wannan ƙaramin lambu ta ƙara bayyana tun daga watan Afrilu na 2023, lokacin da yaƙi ya katse wa mutane hanyoyin kasuwa da ruwan famfo. Sai dai kukan masu wannan aiki kusan ɗaya ne: shuka takan fito shar da ita, ta yi 'yan makonni tana faranta ran mai ita, sa'an nan ganyenta ya soma rawaya, mai ita ya ƙara ruwa, ya ƙara taki, ya barbaɗa toka, ita kuwa sai ƙara tsumburewa take yi har ta bushe. Galibi laifin yana ga wani mizani da ido ba ya gani, wato gwargwadon tsami ko ƙarfin kanwa da ke cikin ƙasar da ruwan da ake ba ta.

Ma'abota ilmin sinadarai suna auna wannan hali da ma'aunin da suke kira pH, wanda wani masani ɗan ƙasar Danmak mai suna Sorensen ya ƙirƙiro a 1909, sa'ad da yake shugabantar sashen sinadarai a ɗakin binciken Carlsberg na birnin Kofanhegan. Ma'aunin ya tashi daga 0 zuwa 14, kuma 7 ita ce tsakiya, wato matsayin tataccen ruwa. Abin da ya yi ƙasa da 7 yana ɓangaren tsami, kamar ruwan lemun tsami da ke wajen 2, abin da ya haura 7 kuwa yana ɓangaren kanwa, kamar ruwan toka da sabulu da ita kanwar kanta. Abin da ya wajaba mai karatu ya riƙe shi ne, tsakanin kowace lamba da mai bi mata akwai ninki goma, ta yadda ƙasar da ke kan 8 ta fi wadda ke kan 7 nisa daga tsami sau goma, wadda ke kan 9 kuwa sau ɗari. Saboda haka bambancin da yake ƙarami a takarda, a wurin saiwa babban al'amari ne.

Dalilin da ya sa wannan mizani ya zama wajibin manomi shi ne, saiwa ba ta cin abu sai wanda ya narke a ruwa, narkewar kuwa tana bin tsami ko kanwar ƙasa. Yawancin kayan lambu sun fi samun biyan buƙata tsakanin 6 da 7, domin a nan ne abincinsu yake sakewa. Amma da zarar ƙasa ta haura 7.5 ta nufi 8 da abin da ya fi haka, sai sinadarin ƙarfe da zinki da manganis su daskare, fosfaras kuma ya haɗe da alli ya ƙi narkewa, shuka ta zama kamar mai yunwa da ke zaune a gindin cikakken rumbu alhali an liƙe bakinsa. Ƙara wa irin wannan shuka taki ba ya warkar da ita, bal ma yakan tara mata gishiri a gindi.

To, a wane ɓangare ƙasar Khartum take? Birnin yana zaune ne a ƙarshen arewacin filin nan da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, inda kogunan biyu suke haɗuwa a Mugran, kuma ƙasar wannan fili, tun daga Jazira har kudancin birnin, laka ce mai nauyi, wadda ke kumbura idan ta sha ruwa, ta dare da manyan tsage idan ta bushe, har takan tsaga katangun gidaje. Masu binciken aikin gona na Wad Madani da na Shambat sun daɗe da tabbatar da cewa wannan laka tana da alli da yawa, ba ta da wadataccen ruɓaɓɓen ganye, kuma ma'auninta yakan tsaya tsakanin 8 da 9, a wasu wuraren ma ya zarce. Sababin a fili yake: ruwan sama da ke sauka a Khartum a shekara bai cika kai milimita 200 ba, shi ma daga Yuli zuwa Satumba, don haka babu isasshen ruwan da zai wanke alli da gishiri ya nutsar da su ƙasa, zafin rana kuwa, wanda ke wuce digiri 40 a Mayu da Yuni, kullum janyo su sama yake yi.

A nan ne mas'alar ta shafi Bahaushen Sudan musamman. Kakanninsa, waɗanda suka biyo hanyar aikin hajji, da waɗanda suka yi hijira tare da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa gari kusa da Sinnar, da waɗanda suka yi ƙwadagon auduga a Jazira bayan kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925, sun zo da ilmin noma da suka gada daga jigawar Kano da Katsina da Maraɗi. Ƙasar can rairayi ce mai sauƙi, wadda a yawancin wurare ta karkata wajen tsami kaɗan, saboda haka tokar murhu da ake haɗawa da shara da kashin dabbobi a kai gona alheri ce gare ta, domin tana rage tsamin, tana kuma ba ta abinci. Amma malamanmu na usulu sun koyar da cewa hukunci yana tafiya tare da illarsa, wato dalilinsa, kuma ƙiyasi ba ya inganta idan illar ta sha bamban. Zuba toka a lakar Khartum, wadda da ma kanwa ta yi mata yawa, ƙiyasi ne irin wannan, kuma tukwane da yawa sun hallaka a kansa.

Ruwa shi ne abu na biyu, kuma a lambun tukunya yakan fi ƙasa tasiri, domin ƙasar tukunya kaɗan ce, abin da aka zuba mata kullum shi ne yake rinjayar ɗabi'arta. Ruwan rijiyoyin burtsatse yakan ɗauko narkakken alli da gishiri daga ƙarƙashin ƙasa fiye da ruwan kogi, kuma duk lokacin da aka yi ban ruwa rana ta shanye shi, abin da ya zo da shi yana nan bai tafi ba. Farin ɓawon da ake gani a leɓen tukunya, irin wanda ke taruwa a gindin butar shayi, shi ne shaidarsa. Mafi sharri shi ne ruwan da ke tsiyaya daga na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa, wadda gidajen Khartum suka saba da ita, domin tururi ya riga ya tafi da tataccen ya bar gishirin a tattare. Saɓanin ɗigon na'urar sanyi mai aiki da gas, wanda raɓa ce da ta taru daga iska, kusan babu gishiri a cikinta. Ruwan sama kuwa, wanda bisa ɗabi'arsa yake wajen 5.6, ya cancanci a tara shi a randa duk ranar da Allah ya saukar da shi, bayan an bar na farko ya wanke ƙurar rufi.

Ganye shi ne mai ba da labari na farko, ga wanda ya iya karanta shi. Idan tsofaffin ganyen ƙasa ne suka yi rawaya baki ɗaya alhali na sama suna kore, wannan yunwar naitirojin ce, taki yana maganinta. Idan kuwa sababbin ganyen tsiro ne suka yi fari-fari, jijiyoyinsu kaɗai suka rage kore kamar an zana su da alƙalami, kamar yadda ake yawan gani a dashen lemun tsami da barkono, to ƙarfe ne ya daskare saboda rinjayen kanwa. Idan bakin ganye ya ƙone ya yi ruwan ƙasa, shuka kuma tana yaushi alhali gindinta a jiƙe yake, to gishiri ne ya taru.

Sai dai alama zato take bayarwa, yaƙini kuwa sai da gwaji. Tun a ƙarni na 12 Ibnul Awwam na Ishbiliya, mai Kitabul Filaha, ya buɗe littafinsa da bayanin sanin ƙasa, kuma manoman Andalus sukan jiƙa ƙasa a ruwa su shinshina su ɗanɗana kafin su yi shuka. Mu ma muna da gwaje-gwaje biyu a madafa. Na farko, a ɗebo busasshiyar ƙasa cikin cokali a zuba a faranti, a ɗiga mata khal. Idan ta yi kumfa tana ƙara sii a kunne, alli ne yake amsawa, kuma gwargwadon kumfar gwargwadon yawansa. Na biyu, a jiƙa zoɓo, wanda mutanen Sudan ke kira karkade, a tace, a sirka shi da tataccen ruwa har ya yi ja mai haske, a raba shi kofi biyu, a zuba ruwan da ake tuhuma a guda: idan jan ya dushe ya koma shuɗi-shuɗi ko toka-toka mai ratsin kore, kamar yadda kowace uwargida ta san yakan yi idan an jefa masa kanwa, to ruwan yana da ƙarfin kanwa. Wanda yake son lamba sai ya nemi takardar awon pH a shagon kayan gona ko na magani, ya dama kashi ɗaya na ƙasa da kashi biyu da rabi na tataccen ruwa, ya bari ta kwanta rabin sa'a, ya tsoma takardar, ya gwada launinta da jadawalin da ke jikin kwalin.

Magani yana farawa tun kafin shuka. Kada a haƙi lakar tsakar gida a cika tukunya da ita. A nemi ƙasar bakin kogi, wadda masu dashe a Sudan ke kira gurera, irin wadda ambaliyar Shuɗin Nilu ke kawowa daga tsaunukan Habasha, wadda kuma ta sa tsibirin Tuti ya shahara da kayan lambu, a gauraya ta da yashi da takin da ya ruɓe sarai, kusan kashi ɗaya-ɗaya. Ruɓaɓɓen taki shi ne ginshiƙin al'amarin, domin yana sakin tsami a hankali, yana riƙe ƙarfe a yanayin da saiwa za ta iya sha, yana kuma buɗe ƙasa ruwa ya ratsa. Ɗanyen kashin kaji kuwa ƙona saiwa yake yi. Tukar gahawa da ganyen shayi suna da amfani idan an ruɓar da su tare da taki, amma kada a ɗauka za su tsamama ƙasa, domin yawancin tsaminsu ya riga ya tafi cikin kofi.

Idan awo ya nuna ƙasar ta haura 7.5, ana gauraya mata garin farar wuta, a fara da ƙaramin cokali ɗaya ga bokiti mai lita 10. Ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa su ne suke juya shi tsami, aikin da ke cin makonni ko watanni, don haka ba a ƙarawa sai an sake awo. Ƙasar da ta yi kumfa ƙwarai da khal kuwa, allinta zai shanye farar wutar ba tare da an ga canji ba, canza ta ya fi sauƙi. Jibsin yana da nasa aiki, wato korar gishirin sodiyam da sassauta laka, amma ba ya saukar da lambar awo yadda wasu ke zato. Ruwan ban shuka ana iya ɗiga masa lemun tsami ko khal, ɗigo bayan ɗigo ana aunawa, har ya sauka tsakanin 6 da 6.5, tare da sanin cewa tasirin wannan ba ya daɗewa, sai an riƙa maimaitawa. Kowace tukunya kuma lalle ta kasance da huda a gindi, a riƙa shayar da ita har wajen kashi ɗaya cikin biyar na ruwan ya fita, a zubar da abin da ya tsiyaya, a kuma rufe fuskar ƙasar da busasshiyar ciyawa don rage aikin rana.

Sharaɗin duk waɗannan shi ne tsakaitawa, domin mai gaggawar da ya kwarara khal a tukunya don ya sauko da ita daga 8.5 zuwa 6 a yini guda zai ƙona saiwa ya kashe halittun da ke yi masa hidima. A canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, a rubuta ranar da lambar da aka samu, a jira mako biyu ko uku, a duba sabon tsiro, tun da tsohon ganyen da ya lalace ba kasafai yake komawa kore ba. Wanda ya lizimci wannan tsari shekara guda zai san halin ƙasarsa da ruwan rijiyar layinsu sanin da babu littafin da zai ba shi, kuma haƙƙin maƙwabtaka ne ya sanar da waɗanda suke ɗiba daga rijiya ɗaya da shi, domin su huta da maimaita asarar da ya riga ya gano sababinta.