Wanda Aka Sa wa Ƙarfe a Jijiyar Zuciya Kada Ya Yar da Maganinsa

Idan jijiyar da ke shayar da zuciya ta toshe da gudan jini, mutum ya kan ji kamar an ɗora masa dutse a ƙirji. A yau likitoci su kan zura siririyar waya ta jijiyar hannu ko ta cinya, su buɗe wurin, su bar wani ɗan ƙarfe mai saƙar raga ya tokare shi. Sunansa sitent. Likita Jacques Puel ya fara sa wa ɗan Adam shi a Tulus ta Faransa cikin 1986.

Mutumin Sara da wannan ciwo ya kama, Asibitin Tarayya na Birnin Kudu ne babban asibiti kusa da shi. Aikin sitent kuwa ya kan kai mutum manyan birane irin su Abuja da Ikko, da kuɗin da wani sai ya sayar da gona. Abin da ya dame mu shi ne bayan ya komo gida.

Jini ba ya son baƙo. Akwai ƙananan ƙwayoyi cikinsa masu taruwa su toshe rauni, to su kan ɗauki ƙarfen nan tamkar rauni su manne masa. Saboda haka a kan haɗa majiyyaci da magani biyu masu hana su mannewa: asfirin, da wani irin su kulofidogirel, wanda aka yarda da shi a Amurka cikin 1997. Bayan bugun zuciya galibi wata 12 a kan sha su tare, sa'an nan likita ya rage.

Mun san halinmu: ranar da jiki ya yi daɗi, ranar kwalba ta kan koma ƙarƙashin gado. A nan ba ta ciyuwa, gama wanda ya daina cikin watannin farko ƙarfen na iya toshewa farat ɗaya, ya zama ajali.

Maganin kuma yana sa jini ya daɗe bai tsaya ba. Kada majiyyaci ya miƙa wa wanzami baya don ƙaho, ko ya cire haƙori, ko ya sayi maganin ciwon jiki a kasuwar Sara, sai likitansa ya sani. Baƙin bayan gida alama ce jini na zuba a ciki. A tafi asibiti a ranar.

Malamai da akawuna, ku a ke kawo wa takardar asibiti ku karanta. Ku rubuta wa iyalin ranar da magani zai ƙare, don a sayo wani tun da sauran mako guda.